Kalmomi Huɗu Daga Gwanzu

"Wai wace ce mai yi wa yayanki magana da Sinanci a waya?" Haka wata amarya ta ji maƙwabciya tana tambayar ƙanwar angonta a bakin rijiya. Ba ta ɗaga kai daga wanke-wankenta ba.

Mijin ɗan kasuwa ne, yana sayo kekunan ɗinki daga Gwanzu ta ƙasar Sin. Kwana uku ke nan, kullum da ya idar da la'asar sai ya koma ƙarƙashin darbejiya, ya kunna muryar wata mata a waya a hankali, ya riƙa maimaita kalmomi huɗu a bayanta: jit oi sun bin. Har da sunkuyar da kai. Amaryar ba ta yi nisa a boko ba, amma kunnenta ba ya mantuwa. Ta haddace su tsaf tana tankaɗe. Ta ce a ranta, maganar da namiji ke tausasa murya haka a kanta, ai ba ta ciniki ba ce. Ta ninke zannuwanta cikin jaka, ta tura ƙarƙashin gado. Sai dai kafin ta kama hanyar gidansu, ta biya wurin wani dattijo mai sayar da zare, wanda ya yi shekaru yana tafinta a Gwanzu. Ta durƙusa, ta faɗi kalmomin tana kallon ƙasa.

Dattijo ya ajiye almakashi. "Subhanallahi! 'Yata, wa ya rasu?"

Ya ce wannan maganar manya ce ta mutanen Kanton, wato yankin Gwanzu, ba a yin ta a kasuwa, balle a zance. Wanda aka yi wa rasuwa kaɗai ake gaya wa: sassauta baƙin ciki, ka karɓi abin da ya zo. Sai a lokacin ta tuna mijin ya taɓa cewa mai masaukinsa na can ya rasa uwa. Ashe ta'aziyya yake koyo.

Ta koma gida, ta kwance jakar kafin ya dawo. Da la'asar ta ji yana tuntuɓe a kalma ta uku. Ta san daidanta, gyaran har ya zo bakinta, ta haɗiye. Wa ya koya miki, zai ce. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta bar wa cikinta. Dama an ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.