Minti Ɗaya

Karo na huɗu ke nan da shafin ya tsaya cik tun hantsi. Ɗanbaba ya miƙa hannu ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ko tsaki bai yi ba.

Shi ke kula da shafin intanet na wata ƙungiyar masu jiragen ruwa a Yelwa, shafin da a da sai a yi mako ko kare bai leƙa ba. Amma jiya jirgin da ya taso daga kasuwar Wara ya kife a tsakiyar tafki da mutum fiye da ɗari. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdullahi, ya ce a riƙa sa sunayen waɗanda aka tsamo, da rai ko babu, a kuma buɗe fom da duk mai labari zai rubuto. A 2009 ne, ƙauyukan ƙetare ba su san sabis ɗin waya ba, ga shi an hana kowane jirgi tsallakawa sai an gama nema. Sai jama'a suka yi wa shafin caa, daga Kaduna, daga Legas, har daga Jidda.

Hajara, matar Ɗanbaba, tana cikin jirgin. Busasshen kifi ta je sarowa. Sunanta bai fito a kowane jeri ba, shi kuwa da hannunsa yake buga jerin, don haka ya fi kowa sani.

Bai yi kuka ba. Bai ji komai ba ma, wallahi, sai wani sanyi a yatsu. Mata suka cika gidansa, shi ya zauna a ofis gaban allo, don aiki kaɗai ne abin da jikinsa ya yarda ya yi.

Matsalar kwamfutar ba ɓoyayya ba ce. An tsara ta ne ta ware wa kowane baƙo ma'aikaci guda na cikin na'ura da zai tsaya a kansa har ya gama, ma'aikatan nan kuma ɗari da hamsin ne kacal. Da sun ƙare, saura sai su yi cirko-cirko a waje. Ɗanbaba ya sauya tsarin ya koma irin na mai shayin tasha: mutum ɗaya ne, ya zuba wa wannan, ya miƙa wa wancan, ba ya tsayawa kallon bakin kowa. Sannan ya sa wa fom ƙa'ida. Duk wanda ya buɗe bai gama rubutu a minti ɗaya ba, a sallame shi, saƙonsa in ya iso a makare ya faɗa wani fayil na gefe, na bayansa ya shigo.

Nan da nan shafi ya numfasa. Mutum dubu suka shiga lokaci guda, bai ko gezau ba.

Da azahar ya lura da adireshin wata kwamfuta guda a rajistar masu shigowa. Zai buɗe fom ya yi zaune, minti ya cika a kore shi, ya dawo ya sake buɗewa. Haka, haka, ba gajiya. A kwas ɗin da Ɗanbaba ya yi a Kaduna an gaya musu akwai 'yan iskan da sana'arsu ke nan, su riƙe ƙofa da gangan har shafi ya shaƙe. Yau ma, da mutane ke neman gawar iyayensu? Ya ƙirga, sau arba'in da ɗaya. Ya buga layi guda ya toshe adireshin gaba ɗaya, ya koma kan jerin sunaye.

Alhaji Abdullahi ya leƙo da la'asar ya sa masa albarka, ya ce ko a Birnin Kebbi ba a samun irin wannan aiki. Ɗanbaba ya ce amin.

Rana ta uku aka buɗe ruwa. Wani dattijo ya tsallako daga ƙetare da ƙunshi a hannu, aka rako shi har ofis. Zanen Hajara ne a ciki, a wanke a ninke, yana ɗan warin magani. Dattijon ya ce an yi mata sutura jiya a garinsu. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, Alhaji ya dafa shi ya girgiza kai, wai a bar bawan Allah haka. Ɗanbaba ya ce Allah ya jiƙanta, kamar matar wani ake faɗa masa. Bai tambayi inda ruwa ya kai ta ba. Ya juya ya sa sunanta a jerin mamata, ya duba ko ya yi kuskuren harafi.

Bayan addu'ar bakwai ƙungiya ta ce a rufe shafin. Yana share tarkace ya ci karo da fayil ɗin gefe, wanda tun da ya ƙirƙire shi bai buɗe ba. Saƙonni ne kusan ɗari na masu nawar rubutu, yawanci tambaya da addu'a. Arba'in da ɗaya daga adireshin nan suke, kowanne ya makara da minti uku ko huɗu, kowanne cike da kurakuran wanda ke neman haruffa da yatsa ɗaya. Ya buɗe na ƙarshe, wanda ya iso dab da lokacin da ya toshe.

"Ni ce Tamada, mai jinya a ƙaramin asibitin ƙetare, da kwamfutar likita mai intanet ɗin tauraron ɗan'adam nike rubutu, ban iya sosai ba. Hajara tana nan da ranta amma tana zubar da jini, ba mu da abin ƙara mata. A gaya ma Ɗanbaba shi sa a ba jirgi izini shi zo shi ɗauke ta. Ta ce kar in damu, mijinta ba ya ɗauke ido daga shafin ga, yanzun nan zai gani."