Faifai Biyu a Kwamfutar Kawu

Ranar da wani yaro ya kira ni bawa a makaranta, na dawo da la'asar na tarar da Kawu a tsakar gidanmu na Gadarif, yana harhaɗa kwamfuta da kayan da ya tsinto a Hartum. Ya nuna mini faifan ajiya biyu.

"A Turance wannan sunansa ubangida, wannan kuma bawa. Daga Latin suka aro kalmar, ko wanke ta ba su yi ba."

Na fashe da kuka. Bai tambaye ni dalili ba, sai ya miƙo mini sukudireba.

"Halas, ya walad," ya ce da Larabci, wato ya isa haka, yaro. "A gidan nan wa da ƙane ne. Sa ƙanen kusa da wansa."

Sana'ar Kawu na gada, kuma har yau ban taɓa sa bawa a kwamfutar kowa ba.