Ƙasar Kango

Bawa ya kafa diga a gindin bangon da ya rage, ya ja, bangon ya zube ba gardama. Ƙasar ta sha ruwa har ta ƙoshi. Ya jingine digar, ya ɗauki shebur ya shiga cika mangala, jakunansa uku na tsaye suna korar ƙuda da wutsiya.

Shekaranjiya ne ruwan malka ya sauko wa unguwar bakin gulbi a Gusau, ya kwantar da gidajen ƙasa kamar an taka tuwo. Wannan kangon na cikinsu. Mai shi bai jira ƙasa ta bushe ba, ya sayar da ita kaf ga Alhaji Lukuman, ɗan kwangilar da ke gini a saman unguwar.

Tun da aka mai da Gusau babban birnin sabuwar jiha, masu hali suka cika tudun nan da gine-gine. Sun ga yadda damina ta canza hali, ta yi ta rowa sai ta tashi zubarwa ta zubar gaba ɗaya, don haka kowa ya yi wa filinsa ciko har ƙugu kafin ya aza bulo. Dabara ce mai kyau, ruwa bai ƙara shiga ɗakin kowa a can ba. Sai dai shi ruwa ba ya komawa sama. Da ya rasa wurin kwanciya a tudu, sai ya gangaro wa na ƙasa.

Bawa ya san haka sarai, don rabin cikon tudun a bayan jakunansa ya hau. Ba ya jin komai game da wannan. Yau ma ba ya jin komai, ko yunwa.

A gefen kangon, kan turmin da aka kifa, matar gidan na zaune. Sunanta Wasila. Ta ɗaure abin da ruwa ya bar mata a zane ɗaya, ta ajiye a gabanta. Ita ta san abin da kowa ya sani: gidan ƙasa in ya faɗi bai mutu ba, muddin ƙasarsa na nan. Rani na yi sai a kwaɓa ta, a yi tubali, a tashe shi. In aka kwashe ta, to gida ya tafi ke nan, don yanzu ko ƙasa a garin nan saye ake.

"Malam," in ji ta, "in ka kwashe wagga ƙasa, da mi za a tashi ginin?"

"An riga an sai da ta."

"Wanda yas sai da ta bai shawarce ni ba."

"Bai shawarci kowa ba," in ji Bawa, ya kora jakuna suka hau tudu.

A ganin Bawa, mai gidan nan bai cancanci tausayi ba. Manomi ne a Nahuce ta ƙasar Bungudu. Damina ta yi ta yanke masa ruwa gero na cikin bunni, bai kai ga fid da kai ba, ya sayar da shanun huɗa, ya sayar da gona, ya taho birni wai a nan ruwa ba zai ƙara wasa da shi ba. Filin da kuɗinsa suka iya saye shi ne wanda kowa ya ƙi. Gidan ya faɗi, ya tashe shi. Ya sake faɗuwa, ya sake tashinsa, har da dasa buhunan yashi a ƙofa kamar gulbi zai ji kunyarsu. Wanda rashin ruwa ya koro, ya zo yawan ruwa na cinye shi, in ba wawa ba wa zai yi na uku?

Ya juye ƙasar a harsashin Alhaji, leburori suka bi ta da madaɓi. Da ya dawo, ƙaramin jakin ya wuce shi, ya je kusurwar kangon ta yamma, inda turke yake a da, ya tsaya yana jira. Sai da Bawa ya jawo shi da kunne.

Maƙwabta na ta tsince-tsince a nasu kangayen. Suna ɗaga kai su dube shi, su mai da. Babu wanda ya ce masa sannu da aiki, babu wanda ya ce ya bari.

Wajen la'asar ya zo kan madafa. Ya rage ƙarfin shebur, ya sa hannu ya tono duwatsun murhu, ya zaro wata tukunya da ba ta fashe ba, ya kai gaban Wasila ya ajiye. Ba ta ce an gode ba.

"Ka bar ko ta ɗaki guda," in ji ta. Muryarta ba kuka a ciki, kukan ya ƙare tun shekaranjiya.

"In na bari, gulbi ka ɗaukar ta kahin rani. Gara a ci tuwo da ita."

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ta wajen Tsafe. Bawa ya ƙara hanzari, don Alhaji ya ce a gama kafin wani ruwan. Ya kankare har daɓen tsakar gida. Da ya ɗora mangalar ƙarshe, wurin ya koma fili fetal, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa hura wuta a nan ba.

Ya saɓa diga da shebur, ya yi wa jakuna tsawa, bai waiwaya ba. Wasila ta daɗe tana kallon filin. Sannan ta miƙe, ta aza ƙunshinta a ka, ta rungumi tukunyar, ta bi bayansa, kamar yadda ta biyo shi daga Nahuce shekarar da ya kawo ta birni ya gina mata wannan gida da hannunsa.