Kujerar Dama

Ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka, ƙaramin jirgin saman da nake tuƙawa ya hau karkarwa. Na ɗaga hancinsa fiye da kima, gudunsa yana mutuwa. In na ci gaba da jan sitiyari, faɗuwa za mu yi. Na san haka sarai, don har shafin da ya yi bayaninsa a littafin koyon tuƙi na haddace. Amma hannuwana sun ƙi saki.

"Ke 'yar boko, shaƙe shi za ki yi?" Muryar malamina ce, da dariyar nan tasa. "Wannan jirgin ba ya yi wa ɗalibi mugunta. Kafin ya faɗi sai ya kawo miki ƙorafi, in kika sassauta kuma ya gyara kansa. Don irinku aka ƙera shi."

"Malam, tsoro nake ji."

"Shi ba ya ji. Sassauta, ki ƙara masa wuta."

Na sassauta. Hancin ya sunkuya a hankali, ƙararrawar ta yi shiru. Na zagayo na daidaita, tayoyi suka taɓa kwalta da ɗan tsalle, jirgin ya shanye kuskuren kamar bai ji ba.

Na juya dama in ce, "Malam, ka gani?" Babu kowa a kujerar. Bel ɗinta a ɗaure yake yadda ya bar shi ɗazu, da ya sauka ya ce yau ni kaɗai zan tashi. Rediyo ma bai ce uffan ba tun da na tashi.

Can a bakin titin jirgi na hango shi, ƙaton mutum, yana tsalle da hula a hannu.