Tukunyar da Aka Toshe wa Baki

Elias ya shigo gida rungume da abu cikin tawul, yana daka wa yara tsawa su ba shi hanya. Ƙaton mutum, da gemu, da mata da 'ya'ya biyu, amma baki har kunne don ya tsinci tukunya a daji.

Wai shi mai fasaha ne. Ya ƙare karatunsa kaf, ya dawo unguwar Herwagana a Gombe yana cuɗa laka a bayan gida. Da tulu yake ginawa ko kaskon suya, da sai a ce sana'a ce. Ina! Kawunan mutanen dauri yake kwaikwayo, masu ƙwala-ƙwalan ido, ba a dafa komai a ciki, ba a zuba ruwa. Shi da abokansa suna kiran wannan shirme gadon kakanni.

Wannan kam ba shi ya gina ta ba. Ƙauyen ubansa ya je, can kudu, ya hau dutsen da ko makiyaya ba sa hawa. Tukunyar 'yar ƙarama ce, da kai irin na mutum, ciki a kumbure, jikinta duk ƙurajen laka. An toshe bakinta da yumɓu.

Uwarsa, Mama Edna, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi abin, ta ajiye rariya.

“A kogon gindin ƙirya ka ɗauko?”

“Eh, Mama,” ya ce, hankalinsa na kan ɗaukar hoto.

Kowa a unguwar ya san Mama Edna. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma ba ta ɗaukar wasa. Ta taɓa korar wata daga zumunta don an ga laya a ƙugun jaririnta. 'Ya'ya biyu ta binne a ƙauye kafin su dawo birni, Elias kaɗai ya tsaya mata, wannan kujerar ta coci kuwa ita ce sauran abin da take taƙama da shi a duniya.

Ta ce ya mayar da ita inda ya same ta. Ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa yaro: a ƙauyen nan, in cuta ta ƙi jin magani, boka ke gina tukunya, ya kira cutar ta shiga, ya toshe, a kai dutse a bari. Ranar da aka buɗe, cutar ta koma wa mai ita.

Elias ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Haba Mama, ke da kike yi wa mutane wa'azi? Mai ita ya zama ƙasa tun kafin a kafa Gombe.”

Ya kirawo abokinsa, wani Dakta Bilyaminu, wanda ba ya duba marar lafiya sai fasassun tukwane. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce za ta yi shekara ɗari biyar. Nan take suka yanke shawarar yin baje koli a wani ɗakin taro a Pantami: kawunan Elias a jere, tukunyar a tsakiya, kuma a gaban jama'a zai buɗe bakin, ko a sami irin hatsin da kakanni suka ci.

Mama Edna ta ce ba a ajiye gunki a gidan Kirista. Sai ya kwashe ta ya kai ɗakin taron ya kulle. Ta je wurin matarsa Jacinta, ita kuwa tana can tana rigima da tela a kan rigar da za ta sa. Tsohuwa ta daina cin abinci. Gidan kaf ba wanda ya tambaye ta dalili, suka ce rikicin tsufa ne.

Ranar taro ɗaki ya cika. Fasto ya zo, matan zumunta sun zo da ankonsu don su taya shugabarsu murna. Elias ya yi dogon Turanci, aka tafa. Sannan ya ɗauko 'yar wuƙa, ya dafa wuyan tukunyar, ya fara kankare yumɓun.

Mama Edna ta tashi. Ta ratsa mutane, ta buge hannunsa, ta ɗauke tukunyar. Matan zumunta suka fara guɗa, sun zaci za ta rotsa ta da ƙasa. Sai suka ga ta kwance zanen zumunta, mai hoton gicciye, ta goya abin a bayanta, ta ɗaure tam, tana tallafe da shi kada ya girgiza.

Guɗa ta mutu.

“Mama Edna,” in ji Fasto, “kin ba da gaskiya ga wannan abin ne?”

Ta san abin da amsar za ta ci mata. Ta dubi matan da ta yi shekaru tana yi wa faɗa.

“Na bayar,” ta ce.

Wata ta ja tsaki. Kafin ta kai ƙofa har an fara raɗa sunan wadda za ta gaje ta.

Elias ya biyo ta har bakin titi yana kumfar baki. Ta kunyata shi a gaban manyan baƙi, ta zubar da mutuncinta, duk saboda wani matacce da ba ta ko san sunansa ba. Ta tsayar da keke napep, ta ce a kai ta tashar motocin kudu, ta zauna a gefen kujera don kada goyon ya jingina da ƙarfe.

Sunan mai tukunyar kam ta sani, ita ta raɗa masa, kuma ita da ƙafarta ta kai tukunyar kan dutse shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, da shi Elias ɗin goye a bayanta, zazzaɓinsa ya fara sauka.