Sai Baba Ya Matse Hannu

Saurayinta ya zo ne ya ce ta haƙura da shafinta na intanet da cinikin kuɗin kirifton nan mai faɗuwar daraja, jinyar mahaifinta ta ishe ta. A bakin ƙofa ya tsaya cak. Tana gefen gado tana karanta wa tsohon sabon rubutunta, hannunta cikin nasa.

"Tun da ciwon ya ɗauke masa magana," ta ce ba ta ɗago ba, "ba na wallafawa, ba na saye, ba na sayarwa, sai ya matse mini hannu."

Saurayin ya matso, ya durƙusa, ya sa hannunsa a tafin tsohon.

"Baba, ni fa? Ka ba ni ita?"

A hankali yatsun tsohon suka damƙe nasa.