Kuka a Lagireto

Haladu, tunda shawara ka zo nema, zauna ka ji wani misali tukuna. Na ga jikinka na rawa, kai kuwa in jikinka na rawa ba ka jin kira.

Akwai wani manomi da ke da tsohuwar akori-kura. Da damina yana gona da shanun huɗarsa biyu, da rani kuma ya yi ta jigilar buhunan mutane zuwa kasuwannin ƙauye. Wata rana, gab da faɗuwar damina, yana dawowa da lodin gero sai motar ta ɗau zafi, tururi ya turnuƙe ta ƙarƙashin bonet. Ya tsaya a gindin wata tsamiya har ta huce, ya ƙara ruwa, ya tayar. Ta tashi kam, amma ba yadda ya san ta ba. Inji na karkarwa yana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya, ga farin hayaƙi na bulbulowa ta salansa. Da ƙyar ya lallaɓa ta zuwa tasha. To, ka san 'yan tasha, kowa likita ne. Suka yi wa motar zobe, kowa ya kasa kunne, nan take suka yanke hukunci cewa inji ya ƙone ƙurmus, sai dai a sauke shi a ɗora na Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje. Bawan Allahn nan kuwa ba shi da abin sayarwa da zai kai kuɗin inji in ba shanun ba. In ya sayar da su, gonar da ke ciyar da gidansa sai dai ya koma mata da fartanya. Hankalinsa ya tashi matuƙa, har ya aika wa dillali ya zo ya ga shanun.

Kafin dillali ya zo, sai ya ce bari dai ya kai wa wani dattijon makanike, wanda direbobi ke gudu saboda sanyin hannunsa. Dattijon ya sa aka tayar da motar, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Duk wadda ya zare sai inji ya ƙara rikicewa, har ya zo kan wata da ya zare amma sauti bai sauya ba, ya gane nan ce wuta ba ta kamawa. Ya kwance fulogin, ya same shi jiƙe, a wanke tas. Ya zaro sandar awon mai, ya ga baƙin mai na nan da baƙinsa, bai koma kamar shayi da madara ba, alamar ruwa bai gauraya da shi ba. Sannan ya sauke kan injin. Ashe gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gindinsa, ruwa ya sami hanya yana kashe wutar fulogi. Gindin inji lafiya lau, babu tsaga. Kan ne ya ɗan lanƙwashe, a kai wa masu injin gogewa su daidaita shi, shi ke nan.

Manomi ya yi hamdala, ya ce a ɗaure maza ya tafi. Dattijo ya ce a'a, sun ga abin da zafi ya ɓata, amma ba su ga abin da ya kawo zafin ba. Ya sa kwano a ƙarƙashin lagireto, ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji, ya buɗe. Abin da ya sauko, Haladu, ba ruwa ba ne. Wani kore ne mai kauri, yana yauƙi, yana wari. Dattijo ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya dubi manomin.

“Malam, wa ya kaɗa maka miya a mota?”

Kunya ta kama shi, ya yi ta sosa ƙeya. Ashe tun bara lagireton ke ɗigo, wani direba ya koya masa dabarar zuba cokalin garin kuka, wai yana toshe ƙofar. Ta toshe kuwa. Shi kuma da ya ga dabara ta ci, duk ranar kasuwa sai ya ƙara mata, har kuka ta cushe hanyoyin ruwa gaba ɗaya. Da ya bi ta 'yan tasha, wannan lagireton za a haɗa wa sabon injin, kafin a yi noman farko ya dafa shi, manomi ya tashi ba shanu ba inji.

Aka wanke lagireto aka liƙe ƙofar da dalma, aka sa sabon gaskit, mota ta tashi tana gurnani sumul. Dillali ya zo, aka ba shi fura ya sha, ya koma hannu rabbana. Da ruwan shuka ya sauka, manomi na bayan shanunsa yana huɗa, ransa fes, motar kuma na hutawa a ƙofar gida.

Saboda haka, kafin ka tumɓuke abu ka yar, tambayi abin da ya lalata shi, kada ka kai wa sabo ciwon tsoho. Ai Hausawa sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.